Garahunin Kan Iyaka

Akwai wani mutum mai gonar kankana a bakin fadama, ƙanensa kuma yana noma daura da shi. Shekara uku ba sa ga maciji saboda gardamar iyaka. In mutumin ya zo noma, sai ya tsaya taki biyu kafin iyakar, kada a ce ya ci gonar wani. Ƙanen ma haka. Garahuni kuwa ya samu wuri, ya yi yaɗo a tsakaninsu, kore shar.

Kankana ta fara 'ya'ya ke nan, sai mutumin ya ga ganyen kunyar da ke kusa da iyaka ya yi dabbare-dabbare, ya ƙanƙance. Ya tuge, ya ƙone. Kwana huɗu, kunya ta biyu ta kama. Ya yi feshi, ya sake, a banza. Kullum cikin tsoro yake zuwa gonar, gama abincin iyalinsa ke nan, ga cuta tana matsowa kunya bayan kunya.

Ya kira malamar gona. Ta wuce kankanar, ta juya ganyen garahuni. Ƙananan ƙwari cunkus!

Ta ce, "Baba, ga gidan cutar nan. Ƙwarin nan su tsotsi ciyawar, su kai wa kankanarka."

Ya ce, "Haba! Ciyawar da lafiyarta lau?"

"Ita ba ta nunawa, ajiya take yi. In ba a nome iyakar nan duka ba, baɗi ma haka."

Duka? Ai rabi na ƙanensa ne. Girman kai ya riƙe shi mako guda cur, cuta ba ta jira shi ba. Ran da tsoro ya fi ƙarfinsa ya ɗauki fartanya, sai ya tarar da ƙanen tsaye cikin tasa gonar, ta mutu murus.

Ƙanen ya ce, "Yaya, tun tuni nake son in yi maka magana, na kasa."

Suka nome iyakar tare. Cikin kunya talatin na mutumin, huɗu suka tsira.

Ma'anar wannan misali ita ce, gonar zuciyarka ce, garahunin kuwa fushin da ka bari a gefe kana cewa ba ya cutar kowa. Kana zuwa sujada, kana waƙa, shi yana nan yana ajiya. Daga can zai shiga addu'arka, ya shiga 'ya'yanka. 'Yan'uwa, wannan abin tsoro ne! Akwai wanda ba ka gaisarwa? Je ka same shi yau, kafin a tashi daga sujada. Mutumin nan mako ɗaya kawai ya jinkirta.