Kalmar da Ta Cinye Rumbun Naomi

A ƙauyen Sheda, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai, an yi wani manomi mai suna Enoch. Ba ya sata, ba ya faɗa, burkutu ma sai ranar biki. Aibinsa ɗaya ne: son dogon Turanci. Ya yi makarantar mishan, daga baya ya yi wa masu aikin hanya tafinta na ɗan lokaci, tun daga nan bakinsa bai sake komawa daidai ba. In kalma ba ta kai tsawon igiyar guga ba, Enoch ba ya ganin darajarta.

Matarsa Naomi ce ke shan wahalar abin. In ta kawo tuwo sai ya ce "magnificent". In gishiri ya zarce a miya sai ya ce "catastrophe". Ran da akuyarta ta ɓata ta tambaye shi, sai ya gyara tsayuwa ya ce akwai "probability".

"Baban Helen, ka gan ta ko ba ka gan ta ba?"

"Abin da na faɗa ke nan."

"Ba ka faɗi komai ba!"

Mutum ɗaya ce a garin ta fi shi Turanci, wato Malama Margaret mai koyarwa a makarantar mishan. Ta taɓa gyara masa wata kalma a ƙofar coci, jama'a na ji. Tun ranar gaisuwarsu ta koma ɗaga hannu.

A wata shekara damina ta yi albarka. Rumbun Naomi ya cika da dawa har baki, kuma a ciki abincin gidan yake har kaka mai zuwa, har da irin shuka. Damuwarta ɗaya ce. Rani ya shigo, mafarauta sun fara cinna wa daji wuta, ga busasshiyar ciyawa ta kewaye rumbun. Ta ce wa Enoch ya ɗauki fartanya ya share. Ta faɗa da safe, ta faɗa da yamma, ta faɗa har ta gaji da jin muryar kanta.

Maimakon fartanya, sai ga shi wata safiya da garwa a ka. Masu aikin hanya ne suka tashi daga sansaninsu suka bar ta da sauran wani ruwa a ciki. A jikinta an rubuta INFLAMMABLE da jan fenti.

"Shara aikin mutanen da ne," in ji shi. "Kin ga 'in' ɗin nan na farko? A Turanci shi ne 'babu'. Visible, ana gani. Invisible, ba a gani. Correct, daidai; incorrect, ba daidai ba. Flame kuwa harshen wuta ne. To, haɗa da kanki: inflammable, maganin wuta ke nan. Zan yayyafa wa jinkar rumbu, shi ke nan."

Naomi ba ta jin Turanci, kuma lissafin nasa ya yi kama da gaskiya. Amma abincin shekara ake magana.

"Don Allah je ka tambayi Malama Margaret. Ga makaranta can, ko takalmi ba sai ka sa ba."

"Ni? Preposterous!"

Ta dube shi, ta dubi garwar, ta ja tsaki, ta ɗaura zani ta nufi makaranta da kanta. Ta tarar da Malama a aji, ta tsaya a taga ta ce mijinta ya samo wani magani wai shi "imfilamabul". Malama ta yar da allin hannunta, ta fito a guje. Naomi ta rufa mata baya.

Kafin su iso, Enoch ya jiƙa jinka sharkaf, ya tara maƙwabta, ya fito da ashana zai nuna musu ikon ilimi. Har da abokinsa Hammawa, Bafulatanin da ke kiwo a bayan gari, yana dogare da sandarsa yana dariya.

"Baturen Sheda, yau kuma wace kalma aka haɗiyo?"

"Tsaya ka ga demonstration, mai shanu."

Daga nesa Malama ta ɗaga murya: "Malam Enoch, kada ka ƙyasta! Kada ka ƙyasta!"

Da wani ne ya faɗa, wataƙila da ya tsaya. Amma ya waiwaya ya ga ko wace ce, ya ga idanun jama'a a kansa. Sai ya yi murmushi, ya ƙyasta.

Wuta ta tashi bal! Ta lashe masa gira, ta hau jinka, ta kama ciyawar da aka ƙi sharewa. Enoch ya ruga tsakiyar hanya yana ihu: "Conflagration! Conflagration!" Masu aiki a gonakin kusa suka ɗaga kai, suka ce Enoch ne da halinsa, suka ci gaba da aikinsu.

Naomi ta ture shi gefe, ta ƙwala kalma ɗaya: "Gobara!"

Nan take gari ya fito da tuluna da ganye. An ceci ɗakunan kwana. Rumbu kam ya tafi, da dawa, da iri, da komai.

Da hayaƙi ya lafa, Malama ta ce masa a hankali, ba tare da gori ba: "Ba kowane 'in' ne 'babu' ba. Wannan kalmar gargaɗi ce. Ma'anarta abu mai saurin kama wuta."

Shekarar nan Naomi ta bi gidajen 'yan'uwanta da ƙwarya tana roƙon hatsi, ita da ba ta taɓa roƙon ko gishiri ba. Ran da ta tuƙa tuwon farko da dawar roƙo, ta dire masa kwano, ta riƙe ƙugu.

"To, Baban Helen? Magnificent ne, ko yaya?"

Enoch ya sunkuyar da kansa marar gira. Ya ce, "Na gode."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, iya furta kalma daban, sanin ma'anarta daban. Neman Turanci ko wani ilimi ba laifi ba ne. Laifin shi ne mutum ya ɗauki zato ya mai da shi sani, kuma girman kai ya hana shi tambayar wanda ya fi shi. Kunyar tambaya ta ɗan lokaci ce, amma asarar ƙin tambaya takan faɗa har kan waɗanda ba su da laifi. In ba ka sani ba, ka tambaya. In kuma za ka yi magana, yi ta da kalmar da mai sauraro zai gane.