Asger da Gwajinsa Mai Kore Kullum

Akwai wani mai rubuta manhaja a birnin Odense, sunansa Asger, ɗan iya yi na ƙarshe. Kamfaninsu na yin manhajar da ke lissafa yawan maganin da za a ba majinyaci. Kowa ya rubuta aikinsa, sai ya haɗa da ɗan gwajin da zai riƙa duba shi da kansa. In lissafi ya yi daidai allo ya nuna kore, in ya kuskure ya nuna ja.

Al'adar ofishin, wanda ja ya kama shi ne zai sayo wa kowa kek. Asger bai taɓa sayowa ba, kuma ya hana kowa sakat da gori.

"Kai Troels, anya ba gidan burodi ya kamata ka nemi aiki ba?" haka yake ce wa abokin aikinsa.

Da aka ce za a naɗa shugaban sashe, har ya fara duba inda zai ajiye teburinsa. Ni dai tafiyarsa ma haushi take ba ni.

Ranar zaɓe, manajarsu Solvej ta tara kowa, ta haska aikinsa a babban allo.

"Asger, bari in taɓa maka wani abu kaɗan."

Ta mai da tarawa ta koma ɗebewa a lissafinsa, ta kunna gwaji. Kore!

"Tsautsayi ne," in ji shi.

Ta sa maganin jariri ya ninka na babba. Kore. Ta goge lissafin ɗungurungum. Wallahi kore shar!

Ashe gogan naka gwajin da ba ya tambayar komai yake rubutawa. Gwajin da ya taɓa nuna masa ja kuwa, gyara shi yake yi ya yarda da kuskuren. Tir da hali!

Solvej ta ce, "Mai gadi muka ce ka ɗauko mana, ka kawo ɗan amshin shata. Da wannan za a auna wa ɗana magani?"

Kujerar da yake hange aka ba Troels. Aikin farko da sabon shugaban ya ba shi: ya sake rubuta gwajinsa kaf, ya nuna wa kowa kowanne yana iya yin ja.

Darasi: Wanda ya toshe bakin mai gaya masa kuskurensa bai gyaru ba, ranar kunyarsa kawai ya ɗage. Ku tura wa wannan abokin naku da bai taɓa yin laifi ba.