Kura da Rijiyar Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku, jama'a!

Ta zo, muna ji.

Kura da Bushiya suka haƙa rijiyoyi dab da juna. Ruwan Bushiya garau, kowa na yabo. Na Kura kuwa duk laka.

Kura ta ce, "Ƙanwata, wane asiri gare ki?"

"Babu, Yaya. Ina ɗiba daidai buƙata, in rufe."

Hassada ta turnuƙe Kura. Wannan 'yar ficiciyar ce za ta fi ta? Ta faki ido ta zuba mata guba a rijiya.

Washegari Kura ta sha daga tata rijiyar, ciki ya murɗa, ta faɗi tana kururuwa.

Bushiya ta ce, "Yaya, ai idon ruwanmu ɗaya ne a ƙasa. Yanzu ina za mu sha?"

Ƙurunƙus, na ɗora ta kan ɗan ɓera.