Fuskar da Ta Fito a Gilashin Surajo

Akwai wani matashi a Tudun Wada mai suna Surajo. A ƙarshen shekarun 1990, shi ne ya fara kawo kwamfuta layinsu, yana buga wa mutane katin biki da takardun makaranta. In ya tada janareta, har dattawa kan leƙo su ga yadda rubutu ke fitowa a gilashi ba alƙalami ba tawada.

Wata rana wata tsohuwa, Inna Safara'u, ta zo daga Riruwai da hoto ƙulle a bakin zaninta. Hoton masu haƙar kuza ne sun jeru, kan kowa bai fi ƙwayar wake ba. Mijinta na cikinsu. Rami ya rufta da shi tun tana amarya, kuma ba ta da wani hotonsa sai wannan. Ga shi yanar ido ta fara rufe mata gani. Ta ce ta ji labarin akwai na'urar da ke ƙara wa hoto girma, tana so ta ga fuskarsa kafin ganin ya tafi.

Surajo ya shigar da hoton cikin kwamfuta, ya buɗe. Sai dabbare-dabbare kawai, kamar an watsa toka a ruwa. Katin hoton da ke ciki, wato ɗan faifan da ke aika hoto zuwa gilashi, tsoho ne, launi kaɗan yake iya nunawa. Ya yi mata alkawarin zai canza shi. Ta sauka gidan 'yan uwanta a garin tana jira.

Ya tafi Kano tare da abokinsa Shitu, wanda ke irin wannan sana'a a Kiru, tare ma suka sayi kwamfutocinsu. Mai shagon da suka je ya baje musu katuna, sannan ya tambaye su wane irin gurbi ne a cikin nasu, fari ko mai ruwan ƙasa, domin kowane kati da gurbin da yake shiga.

Babu wanda ya sani a cikinsu. Shitu ya ce kwamfuta ai kwamfuta ce, ya nuna kati mafi girma, mai hoton jirgin yaƙi a kwalinsa, ya ce a ɗaure masa. Surajo ya juya katin a hannu, ransa na so, amma ya ajiye. Ya ce sai ya je ya duba.

Duk hanya Shitu na yi masa dariya, wai ya zo bakin rijiya ya koma da ƙishirwa. Abin da ya fi damun Surajo shi ne idon tsohuwar. Da ya same ta zaune a ƙofar shagonsa, ya durƙusa ya faɗa mata gaskiya, kansa a ƙasa.

Ta ce, "Ɗan nan, wanda ya jira tun gashinsa na baƙi, kwana biyu ba za su kashe shi ba. Yi abinka a tsanake."

Ya kwance murfin kwamfutar ya haska da tocila. Gurabe farare ne duka, babu mai ruwan ƙasa ko ɗaya. Bai ma yarda da idonsa ba. Ya naɗe akwatin kwamfutar da bargo, ya ɗora a cinya a ƙaramar bas, ya koma Kano. Mai shagon ya duba gurbin, ya duba ƙarfin wutar, ya zaɓo wani ɗan kati marar ado. Katin ya zauna daram, aka gwada a gabansa.

Shi kuwa Shitu, da babban katinsa ya ƙi shiga, sai ya goge bakin katin da zarto ya danna da ƙarfi. Yana kunnawa hayaƙi ya tashi. Kati ya ƙone, kwamfuta ta ƙone. Da Surajo ya ji, ya aika masa ya riƙa zuwa yana aikin abokan cinikinsa a shagonsa har Allah ya hore masa wata.

Ranar da aka kunna kwamfutar Surajo da sabon katin, shagonsa ya cika. Surajo ya zaunar da Inna Safara'u dab da gilashi, ya buɗe hoton, ya riƙa matso da kan mutum na uku daga hagu, wanda ta nuna masa. Ƙwayar waken nan ta yi ta girma. Hula ta fito, goshi ya fito, sai idanu, sai wata 'yar wushirya. Wani dattijo ya furta Subhanallahi a hankali.

Tsohuwar ta kai yatsa ta shafa gilashin, ta daɗe tana kallo.

"Umaru ne," ta ce. "Ashe yaro ne haka. Jikana ma ya girme shi yanzu. Ni kaɗai na tsufa."

Darasi: Ba abin da ya fi girma ko tsada ne naka ba, wanda ya dace da gurbinka shi ne naka. Kafin ka ƙara wa na'ura wani abu, ko ka ɗauko wa rayuwarka wani sabon kaya, buɗe ka duba abin da kake da shi, kuma kada ka ji kunyar cewa ban sani ba. Ku tura wa duk wani mai gaggawa da kuka sani, wataƙila ku cece shi daga hayaƙi.