Tunau da Rumbun Sarki

An ce a wani zamani an yi wani sarki mai yawan camfi, wanda ko tuntuɓe ya yi sai ya nemi wanda zai ɗora wa laifi. A garinsa akwai wani tsoho mai suna Tunau, sana'arsa duba rumbuna. Yakan ƙwanƙwasa rumbu da sanda ya kasa kunne, in ya ce a buɗe, sai a tarar gara ta cinye hatsin. Da abin ya yawaita, mutane suka ce shu'umi ne, duk rumbun da ya taɓa ya lalace. Mutum dai ya fi son a ce maƙwabcinsa mugu ne da a ce shi malalaci ne.

Magana ta kai fada, sarki ya sa aka zo da shi, ya ce ya bar garin kafin faɗuwar rana. Ran Tunau ya ɓaci ƙwarai, don nan aka binne cibiyarsa, ya kuwa ƙudura ba zai fita da wannan mugun suna ba.

Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ya sarki, ungulu ce ke kashe jaki, ko mushe ne ke kiranta?"

Sarki ya ce shi bai kira shi don tatsuniya ba, rumbu arba'in ya taɓa, arba'in ɗin duk sun ruɓe.

Tunau ya ce, "Allah ya ba ka nasara, akwai rumbun da ban taɓa kusanta ba, shi ne naka, inda aka ajiye irin shukar gari. A buɗe shi yau."

Fadawa suka yi caa, suka ce so yake ya shafa wa sarki tsiyarsa. Sarki ya rantse sandar Tunau ba za ta taɓa rumbun ba. Tunau ya ce abin da yake so ke nan, a ɗaure shi a zaure, wasu su je su buɗe. In hatsi lafiya yake, ya yarda a kore shi ba ko takalmi.

Aka ɗaure shi, aka ɗaga murfin rumbu. Sama damman gero ne tsaf, amma da aka zura hannu ƙasa, sai jar ƙasa da gara, rabi ya riga ya tafi.

Sarki ya tambayi Tunau yadda ya sani. Tunau ya ce da ake shigo da shi ya hango kaji sun taru ƙarƙashin rumbun suna tono, kaza kuwa ba ta dagewa inda babu abin ci.

Sarki ya sa aka shanya sauran geron, ya sauko ya kwance tsohon da hannunsa, ya ce a gaban jama'a, "Sarkin da ya kori mai nuna masa ɓarna, shi zai kwana da ɓarnar."