Dalilin da Ya Sa Lungunan Tsohon Gari Suke a Karkace

Dalilin da ya sa ba ku taɓa ganin miƙaƙƙen lungu a cikin tsohon garinmu ba, yara, ya girmi garin kansa.

A can da, kakanninmu ba su da mazauni. Inda namun daji suka nufa nan suke bi, mata na tsintar 'ya'yan itace da geron daji a hanya. Wata shekara suka sauka a bakin kogin nan. Da lokacin tashi ya yi, ƙafafun wata tsohuwa suka ƙi ɗaukarta. 'Yarta, Kyauta, ta kwance kayan da ta ɗaure, ta ce ita ma ta zauna.

Korau, ƙanen tsohuwar, shi ne jagoran tafiya. Ya ce, "Kyauta, me za ku ci a nan?"

Ta ce, "Abin da muka samu, Kawu. Ba zan bar Inna ita kaɗai ba."

Aka tafi aka bar su. Sun sha wuya a ranin nan ƙwarai. Da damina ta sauka, Kyauta ta lura cewa a bayan bukka, inda take sheƙe geron da ta tsinto, ƙwayoyin da suka zube sun tsiro. Ta cire ciyawar da ke matse su, ta riƙa korar tsuntsaye. Da kaka ta ware zangarniyoyin da suka fi cika ta rataye, ko yunwa ta matsa ba ta taɓa su. Da ruwa ya dawo, ta shuka da hannunta.

Bayan wasu shekaru mutanen suka dawo a rame, don nama ya yi wuya a dawa. Korau yana gaba, ƙishirwa ta dame shi, ya miƙe sak zuwa kogi ta tsakiyar shukar, jama'a na biye da shi. Kyauta ta ji karan gero yana kakkaryewa, ta fito da gudu ta sha gabansa.

"Kawu, ku dakata. Abincinmu kuke takawa."

Korau ya ce, "Ciyawa ce. Tun da nake ban taɓa kauce wa ciyawa ba."

Ba ta yi musu da shi ba. Ta shiga bukka ta ɗauko ƙwaryar kunu, ta miƙa wa yaran da ke raɓe da iyayensu. Korau ya tsaya yana kallo har suka suɗe ƙwaryar.

Ya ce, "Daga wannan kika samu?"

"Daga shi. Zan ba kowa iri, in nuna masa yadda ake yi. Amma duk wanda ya iske shuka a gabansa, ya kewaye. Ko kai ne, Kawu."

Korau ya ja da baya a hankali, yana duban inda zai sa ƙafa, ya bi ta gefen gona har kogi, jama'a suka bi sawunsa.

Tun daga nan ba su sake tashi ba. Kowa ya share inda ya samu, wani gonarsa ta lanƙwasa saboda bishiyar kuka, wani saboda dutse, hanyoyi kuma suna bin gefensu. Rumbuna suka cika. Mai iya ginin tukunya ya bar noma, yana ba da tukunya a ba shi hatsi. Baƙi suka zo da gishiri, kasuwa ta kafu. Aka sa dattawa raba rikicin iyaka, daga baya aka ja ganuwa. Da mutane suka yi yawa, noma ya koma bayan gari, aka gina gidaje a kan tsofaffin gonakin. Hanyoyin kuwa ba wanda ya taɓa su, don ƙafa ta riga ta saba.

Shi ya sa har yau, in an aike ku kasuwa, sai kun yi ta shan kwana kafin ku isa. Gonakin da suka daɗe da zama gidaje kuke kewayewa.