Ranar da Baba Jatau Ya Sallami Kwaɗo

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku da idonku ya ƙi rufuwa."

"Ta zo mu ji ta, Kaka, kunnuwanmu a buɗe suke."

To, ku matso. Ke Hansatu, bar tsungulin 'yar'uwarki, ina ganinki.

An yi wani tsoho mai aikin jinka, sunansa Baba Jatau. Duk wanda ya gina ɗaki ko rumbu a ƙauyen, shi yake kira ya yi masa rufi. Ma'aikatansa huɗu ne: Raƙumi, Jaki, Biri da Kwaɗo. A ƙasa suke haɗa jinkar, su ɗaure ta, su rufe ta da ciyawa, sannan su ɗaga ta ɗungum su ɗora a kan gini. Raƙumi yakan durƙusa ya shiga ƙarƙashinta, ya tallafi tsakiya da tozonsa. Jaki ya sa baya a gefe. Biri ya haye bisa ginin da igiya yana ja. Shi kuwa Kwaɗo, ɗan ƙaramin abin tausayi, sai ya zauna a ƙasa ya kumbura wuya yana waƙa:

"Raƙumi dogo, fara tashi,
Jaki na gefe, ja numfashi,
Biri na bisa, riƙe, riƙe,
Jaki, tura! Biri, ja!"

Kafin ya rufe baki jinka ta zauna daram. Baba Jatau ya raba fura, kowa da ƙoƙonsa cike, har da Kwaɗo. Shekara da shekaru haka suke, ba a taɓa jin kansu ba.

Ana nan, ana nan, sai ga Dila ya zo neman aiki. Kun san Dila, ba ya son zufa amma yana son fura. Baba Jatau ya ce, "Wane aiki ka iya?"

Dila ya ce, "Ranka ya daɗe, ni mai dubawa ne. Ina duba wanda ke aiki da wanda ke cin banza."

Baba Jatau mutumin kirki ne, amma kunnensa na da taushi. Ya ce masa ya zauna.

Ranar farko, da aka zo rabon fura, Dila ya raɓa kusa da shi ya ce, "Baba, na ga gumin Raƙumi, na ga gumin Jaki, na ga gumin Biri. Ina gumin Kwaɗo?" Baba Jatau ya yi dariya.

Rana ta biyu ya sake cewa, "Baba, na ga gumin Raƙumi, na ga gumin Jaki, na ga gumin Biri. Ina gumin Kwaɗo?" Baba Jatau bai yi dariya ba.

Rana ta uku, tun kafin Dila ya kai ƙarshen maganar, Baba Jatau ya kira Kwaɗo ya ce, "Kwaɗo, ka daɗe tare da mu, amma na duba ban ga abin da kake ɗagawa ba. Ka je ka huta."

Dila ya ce, "In dai ihu ne, Baba, ni ma ina da baki. A haɗa mini ƙoƙonsa da nawa, in riƙa yi."

Kwaɗo ya dubi Raƙumi, Raƙumi ya ɗaga kai sama. Ya dubi Jaki, Jaki ya sunkuya. Ya dubi Biri, Biri ya hau susar hammata. Wannan shirun ya fi korar yi masa ciwo, ni kaina in na tuna sai raina ya sosu. Ya ce, "To, Baba, na gode. Allah ya ba da sa'a." Ya yi tsalle ɗaya, ya yi biyu, ya tafi.

To, a ƙauyen akwai wata tsohuwa, Goggo Tabawa, ba miji ba ɗa. Abin da ta mallaka duk yana cikin rumbunta: sauran geron da za ta ci, da irin da za ta shuka. Rannan iskar bazara ta taso ta yaye jinkar rumbun, ta watsar. Goggo Tabawa ta zo da sandarta ta ce, "Malam Jatau, ka rufa mini asiri. In ruwa ya taɓa geron nan, ba ni da na ci, ba ni da na shuka."

Baba Jatau ya ce, "Goggo, kwantar da hankalinki."

Kwana biyu suka yi suna haɗa sabuwar jinka a tsakar gidanta. A rana ta uku da hantsi, suna ɗaura igiyar ƙarshe, sai gabas ta yi baƙi ƙirin. Goggo Tabawa ta dama fura ta ajiye, ta tsaya tana duban sama tana duban rumbu.

Kowa ya kama wurinsa. Dila ya hau kan turmi ya gyara murya, ya ce, "Ku ɗaga!"

Biri, da yake jikinsa rawa yake, ya fizgi igiya tun Raƙumi bai motsa ba. Jinka ta karkace ta kife a kan Jaki, sai kunnuwansa kaɗai ake gani.

Aka gyara. Dila ya ce, "Ku ɗaga!"

Wannan karon Biri ya jira. Amma Jaki, da haushin ɗazu a ransa, ya tura da dukkan ƙarfinsa, alhali Raƙumi ƙafafun baya kawai ya miƙe. Jinka ta sulmiyo ta wuyan Raƙumi ta daki ƙasa, gefe ɗaya ya karye.

Aka ɗaure. Iska ta fara kaɗawa mai ƙamshin ruwa. Dila ya ce, "Ku ɗaga!"

Ba wanda ya motsa. Raƙumi yana jiran Jaki, Jaki yana jiran Biri, Biri yana jiran Raƙumi. Sai faɗa ya kaure. Biri ya ce Raƙumi malalaci ne. Raƙumi ya ce Jaki ba ya da kai. Jaki ya ce Biri mahaukaci ne. Dila kuwa, da ya ga kowa ya shagala, ya zame bayan ɗaki ya shanye ƙoƙo biyu.

Ɗigon farko ya faɗo a bayan hannun Goggo Tabawa. Ta cire mayafinta ta miƙa wa Biri, wai ya shimfiɗa a bakin rumbun, mayafin da ko kwatar wurin ba zai rufe ba.

Ta ce, "Malam Jatau, ina ɗan mai waƙar nan naku? In shi kuke nema, kwana biyar ke nan yana gindin randata. Ko ƙuda ba ya kamawa."

Baba Jatau ya ruga gindin randa, ya durƙusa da tsufansa, gwiwa a cikin laka. Ya ce, "Kwaɗo, na yi kuskure. Gaya mini, me kake yi a wurin aikin nan wanda idona bai gani ba?"

Kwaɗo ya ce, "Baba, ku duka sama kuke kallo. Ni ina ƙasa, ƙafafu nake kallo. Raƙumi ba malalaci ba ne, hawa biyu yake tashi, baya tukuna sannan gaba, shi ya sa nake kiransa da fari. Jaki yana da ƙarfi, amma sai ya ja numfashi yake turawa daidai. Biri kuwa hanzari gare shi, in ba a ce masa riƙe, riƙe ba, ya tafi. Ba lokaci ɗaya suke tashi ba, Baba. Lokaci ɗaya suke isa."

Baba Jatau ya ce, "Shekara nawa ina jin waƙar nan, na ɗauka nishaɗi ne. Za ka dawo?"

Kwaɗo ya ce, "Tun ihun Dila na farko maƙogwarona ke ƙaiƙayi."

Baba Jatau ya ɗauko shi a tafin hannu. Da suka iso, Raƙumi ya sauko da dogon wuyansa har ƙasa ya ce, "Ɗan'uwa, ka yafe mana shirunmu." Jaki da Biri suka ce su ma haka.

Kwaɗo ya ce, "Sai an jima wannan, geron Goggo tukuna." Ya zagaya jinkar da tsalle, ya tsaya a gefen da ya karye. Ya ce, "Nan yana son kafaɗa. Ina mai dubawa?"

Aka jawo Dila daga bayan ɗaki, fura dumu-dumu a gashin bakinsa. Ya ce shi bayansa na ciwo. Jaki ya juya masa ƙafafun baya ya tambaye shi ko yana son a duba masa. Dila ya shiga ƙarƙashin jinka ba gardama.

Kwaɗo ya kumbura wuya:

"Raƙumi dogo, fara tashi,
Jaki na gefe, ja numfashi,
Dila mai fura, sa kafaɗa,
Biri na bisa, riƙe, riƙe,
Jaki, tura! Biri, ja!"

Jinka ta tashi a hankali, ta yi sama, ta zauna daram a kan rumbu. Biri na ƙulla igiya, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Goggo Tabawa ta tsaya cikin ruwan tana dariya tana hawaye, ko ƙwaya ɗaya ta geronta ba ta jiƙe ba.

Suka fake a ɗakinta. Dila na haki, gumi na zuba. Kwaɗo ya leƙa fuskarsa ya ce, "Baba, yau na ga gumin Dila." Dariya har Raƙumi ya ƙware.

Da aka zo rabon fura, ƙoƙon Kwaɗo fayau, Dila ya riga ya lashe. Raƙumi ya zuba masa ludayi ɗaya daga nasa, Jaki ya zuba, Biri ya zuba, Baba Jatau ya zuba, har ƙoƙon ya cika ya tumbatsa. Dila kuwa aka ba shi wankin ƙoƙuna, kuma tun daga ranar gefen jinka ya zama wurinsa.

Shi ya sa har yau, in hadari ya haɗo, za ku ji kwaɗi suna kira, wani da kauri, wani da siriri. Ba surutu ba ne, kowa ake kira a lokacinsa. Ku ma in kun girma aka ba ku mutane ku yi aiki tare, ku san tashin kowa, kada ku auna mutum da guminsa kaɗai. In kuma aka zo korar ɗan'uwanku a kan ƙarya, kada ku tsaya susar hammata.

Ƙurunƙus, ta koma gindin randa. Gobe wajen ɗaukar tabarmar nan, a bar Hansatu ta yi kira.